Maɗacin Baba da Kabewar Inna

A duk gefen tabkin nan namu na Madarumfa, daga bakin gari har inda gonakin gero suka fara, maɗaci ɗaya ya rage tsaye, kuma a garkata yake, wato lambuna. Ba alfahari nake yi ba, abin kuka ne ma. Da ina yaro wani ya ce mini zan ga ranar da za a riƙa yi wa baƙo kwatance da icce ɗaya, a ce masa ya bi hanyar tabki har ya hango maɗaci, da na ce mutumin nan kansa ba daidai yake ba. Wane maɗacin? A wancan lokaci in ka yi wa mutum irin wannan kwatance ai ɓatar da shi ka yi. Yanzu kuwa ko baƙon jiya ya bi sai ya iso. Ƙafafuna sun daina kai ni kasuwa, idanuna sun daina sa zare a allura, aikina shi ne in shimfiɗa buzuna a gindin iccen nan in yi ta tuno mutanen da ba wanda ya san muryarsu sai ni. Shekaru da yawa burina ɗaya ne a duniya, in mutu in bar iccen nan da ransa kamar yadda aka bar mini shi. Zan faɗi yadda muka ƙare da wannan buri, amma sai na faro daga nesa, don ban iya gajeren zance ba.

Abin da na fi kewa ƙara ce. In an idar da sallar asuba, kafin gari ya waye sosai, kukan jigo ake fara ji. Jigo, saboda 'yan yanzu, doguwar sanda ce a kan gwafa, curin laka a gindinta, guga a bakinta, da ita muke ɗebo ruwa mu shayar da shuka. Kowace garka da kukan jigonta. Na maƙwabcinmu kamar tsohuwa mai ciwon baya yake nishi, namu kuwa siririyar murya gare shi, har Inna kan gane daga gida ko Baba ya fara ban ruwa ko yana can yana hira. Daga nan sai tsuntsayen kirinjijiya su taso daga tabki suna fito, sai luguden mata daga cikin gari, sai masunta suna kiran juna a kan gorunansu. In bazara ta yi zafi kuma, 'ya'yan maɗaci kan fashe can sama, ƙas, ƙas, irin ya sauko yana juyi cikin iska, mu bi mu tsince, tsofaffin mata su soya su fitar da mai. Yau da me ake tashi? Injin ban ruwa tun da duhu, da babura ɗauke da bido, jarkokin mai, sun nufi Ɗan Issa, da waya tana waƙa a aljihun kowa. Ban ce ba su da amfani ba. Abin da injin nan ke shayarwa kafin hantsi, jigo sai ya kwashe kwanaki bai gama ba. Amma na daina gane garkar kowa da kunne.

Iyayena, Allah ya jiƙansu, ba su taɓa yin faɗan da maƙwabta suka ji ba sai a kan shuka. Baba mutumin icce ne. Inna kuwa ta kabewa ce, ciki da waje. Da ruwan shuka ya sauka za ka gan ta duƙe a gindin darni, inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, tana tura iri da ɗan yatsa. Kafin gero ya fitar da kai, yaɗon ya haye darni, ya kama jinkar ɗakinta, ya rufe shibcin da ganye da furanni ruwan ɗorawa. In 'ya'yan suka fara nauyi sai ta naɗa musu gammo na tsumma ta tokare su a kan jinka don kada su gangaro su fasa wa wani kai. Ganyen ya shiga miya, 'ya'yan su shiga taushe da yakuwa da gujiya, ragowar ta yanyanka ta shanya a igiya saboda rani, irin kuma ta soya mana da gishiri mu cika aljihu. Ba abin da ake yarwa sai busasshen yaɗon, shi ma awaki na tsaye suna jira. Ta kan ce ita abin da ta shuka da hannunta so take ta ci shi da bakinta. Baba sai ya yi murmushi ya ce, "Kabewarki baƙuwa ce, da kaka ta yi sai ta yi sallama. Icce ɗan gida ne." Ita kuma ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. "Ɗan gidan da bai taɓa kawo cefane ba," in ji ta, tana ci gaba da tuƙin tuwonta.

Baba ne ya samo ɗan maɗacin a bakin gulbi, ya kawo shi cikin fasasshen kasko da ƙasarsa. Maimakon ya kai shi gefe, kan iyaka, inda kowa ke dasa icce, sai ya haƙa rami a tsakiyar garka. Maƙwabta suka zo suka tsaya a kansa suna ba shi shawara, wanda ya iya da wanda bai iya ba. Ya bar su suka gama, sannan ya ce so yake duk wanda ya gaji da ban ruwa, ko ta wace kusurwa yake, tafiyarsa zuwa inuwa ta zama ɗaya da ta kowa. Inuwar da yake magana a kanta a ranar ko kaza ba za ta rufe ba. Muka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Rani bayan rani, kafin a shayar da albasa, kafin a shayar da taba, shi ake fara ba ruwa. Ni na sha ɗaukar tulun nan har wuyana ya saba, ina zuba masa ina zaginsa a zuci, shi kuwa yana ta miƙewa a hankali kamar ba shi da gaggawar komai.

Ya ɗan wuce tsawon mutum sa'ad da shekarar yunwa ta same mu. Ruwa ya yi gardama a daminar da ta gabata, rumbuna suka ƙare tun rani bai yi nisa ba, da sabuwar damina ta kama kuwa babu abin da ke cikin gidaje sai dusa da tafasa. Maza suka yi kudu neman hatsi, har da Baba. Inna ta lura cewa ƙasar gindin maɗacin ba ta bushewa, tun da ni ban fasa ba shi ruwa ba, sai ta tura irin kabewarta a nan, cikin ƙayar, inda akuya ba ta kaiwa. Kai, ban taɓa ganin kabewa ta yi kyau irin wannan ba. Ta cinye ƙayar, ta kama ɗan iccen ta naɗe shi tun daga ƙasa har tsororuwa, ta zuba 'ya'ya. Kullum da safe sai Inna ta je ta duba su, ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta tsinko mana ganye kaɗan, ta dawo tana lissafin ranar da za su ƙosa. Nauyinsu kuwa ya lanƙwaso kan iccen har yana neman taɓa ƙasa.

Baba ya dawo da ɗan abin da ya samo, wanda bai cika buhu ba, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya shiga garka ya gani sai ya tsaya. Ya gwada warware yaɗon, abin ya ƙi, don ya riga ya kama kowane reshe. Ya aika ni na kirawo Inna.

"Wuyansa zai karye," ya ce mata.

"Malam, saura kaɗan su ƙosa. Ka bari su ƙosa, ni da kaina zan cire."

"Ba zai kai ba. Dubi nan, ya fara tsagewa."

"To ya tsage mana. Yara na kwana da yunwa kana maganar wuyan icce?"

Washegari da sassafe ya ɗauki lauje. Ina tsaye ya yanke kabewar daga tushe, ya bi yaɗon yana datsewa guntu-guntu yana zarewa, a hankali, kada ya ji wa iccen ciwo. 'Ya'yan suka zube, ɗanyu, kore shar, cikinsu duk ruwa. Muka kwashe su a zane muka kai gida. Ba su yi mana kwana nawa ba.

Da rana ta take a ranar, Inna ba ta aiko ni da abincin Baba ba kamar kullum. Ita da kanta ta ɗauko akushinsa, rufe da faifai, ta ratsa gari da shi a ka. Ta same shi yana ɗaure wa iccen sanda don ya miƙe. Ta durƙusa yadda ta saba, ta ajiye akushin a 'yar inuwar, ta ce, "Malam, ga abinci." Ya wanke hannu ya zauna ya ɗaga faifan. Babu komai a ciki, an wanke shi tas. "Inuwar ce na dafa maka," ta ce. "Ka ci ka ƙoshi." Ni dai na zaci duniya za ta tashi. Baba ya daɗe yana kallon cikin akushin, sannan ya mayar da faifan ya rufe, ya ce, "An gode." Ta ɗauki abinta ta koma.

Ƙanwata da aka yaye a shekarar ba ta ga kaka ba. Ba wanda ya ce kabewa ce, ko Inna ba ta taɓa faɗa ba. Yara nawa aka binne a daminar nan a gidajen da ba a sare musu komai ba? Kwana ne ya ƙare, haka muka ce, haka kuma yake. Amma har Inna ta koma ga Allah ba ta zauna a inuwar maɗacin nan ba. Ya girma, ya yi rassa, ya zama wurin da rabin unguwa ke shan iska, ita kuwa in ta kawo fura sai ta tsaya can cikin rana, a bakin inuwar, ta kira ni in zo in karɓa. Baba bai taɓa ce mata ta shigo ba, bai kuma taɓa ƙin cin taushenta ba, har ƙari yake nema. Ni na ji haushin Baba, na daɗe ina jin haushinsa. Kuma ina son iccen. Abu biyun nan suka zauna a cikina tare, ba wanda ya kori wani, har gashina ya yi fari.

Na yi noman garka tsawon raina, saboda haka in aka tambaye ni tsakanin icce da kabewa ba zan yi wa kowa kara ba. Kabewa ba ta da wuyar sha'ani. Ka ba ta taki da rana da abin hawa, cikin damina ɗaya ta biya ka, kuma tana biya ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma da ta gama sai ta bushe, ka zo da rani ka rasa ko inda ta tsaya. Maɗaci kuwa, in gaskiya za a faɗa, mugun maƙwabci ne ga shuka. Saiwarsa na shan ruwan da ka zuba wa wani, inuwarsa na hana komai yin ɗa, 'ya'yansa ko biri ba ya ci. Wanda ya dasa shi ba shi ke more shi ba, Baba ma rabin inuwar ya gani. Sai dai a ƙarƙashinsa muka yi sallar azahar shekara da shekaru, a nan ake raba gardamar iyaka, a nan Fulani ke sauke ƙwaryar nono, a nan matan da suka fito wanki daga tabki ke kwantar da jariransu. Kabewa ta ciyar da gidanmu, ba na musu. Maɗacin kuwa har wanda ba mu san sunansa ba ya amfana da shi, ba ma kamar ta wajen magani.

Ba a hana sassaƙe. Haka muka tarar. Icce naka ne, in an sare maka reshe ka kai ƙara wurin mai gari, in ka ga dama ma ka hana mutum zama a inuwarsa, amma ɓawonsa na marar lafiya ne. Na maɗaci kuwa an san shi, ana jiƙa shi a sha saboda ciwon ciki da zazzaɓi, ɗacinsa sai ka ji shi har cikin kunne. Abin yana da ƙa'ida. Mai nema zai yi sallama ya gaya wa mai icce. Zai sassaƙi faɗin tafin hannu ta gabas, faɗin tafin hannu ta yamma, a jikin gindin, daidai ƙirjinsa. In ya gama sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wa iccen ciwonsa. Ba a biya, addu'a ake yi a tafi. Da yake itatuwan suna da yawa a da, kafin wani ya sake zuwa wurin naka tabon ya rufe. Baba ya nuna mini wannan tun iccen bai isa a taɓa shi ba, ya kuma ce mini, "Ranar da ka hana mai ciwo ɓawo, ka nemo gatari ka sare iccen gaba ɗaya, don ka manta abin da ya sa aka dasa shi."

Yadda sauran suka tafi, ba rana ɗaya ba ce balle in ce ga mai laifi. Fari ya ci wasu. Amalanken itacen wuta da ke tafiya Maraɗi suka ci wasu. Masu katako suka bi manyan. Gonaki kuma aka yi ta rabawa tsakanin magada har kowa ya tashi da ɗan zirin da bai isa ya ciyar da icce ya ciyar da yara ba, to wa zai zaɓa? Ana nan ana nan sai na ga masu neman sassaƙe sun yawaita a garkata, daga cikin gari, daga ƙauyuka, har daga hayin iyaka. Wallahi ba wanda ya zo mini da rashin kunya. Kowa ya yi sallama, kowa gabas da yamma ya ɗiba, kowa ya shafa laka ya yi addu'a. Amma ciwon jiya bai warke ba na yau ya iso, sai ya sassaƙa a gefen tsohon tabon, a ganinsa ai nan ma gabas ce. Gabas ta yi ta faɗi, yamma ta yi ta faɗi, har suka haɗu ta kudu. Dogaye suka miƙa hannu, gajeru suka taka bayan jaki. Ranar da na farga na zagaya iccen da kyau, sai na ga gindin duk ya zama farin katako da busasshiyar laka, in ban da wani ziri ɗaya ta arewa, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, daga saiwa har sama inda ɓawon yake cikakke. Ta wannan zirin kaɗai iccen ke rayuwa. Tun daga ranar na ɗauke buzuna na mayar arewa, na jingina bayana da wurin, wanda ya zo sai ya tarar da tsoho a zaune ya ji nauyin cewa in tashi.

Garkar yanzu a hannun ɗana take. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, wannan yaron nake ce masa ko da yake gemunsa ya fara fari. Shi ke noman salati da shu, wato kabeji, da tumatir da rani, da damina kuma ya zuba kabewa a gefe-gefe, manyan motoci su zo su kwasa. Bakunan da yake ciyarwa sun fi waɗanda Baba ya ciyar, ƙasar kuma ba ta ƙaru ba. Ya sha zuwa ya tsuguna gabana da maganar.

"Baba, rabin garkar nan fa icce muke noma wa. Duk kabewar da na kai kusa da shi sai ganye, ba ɗa."

"Halin kakarka ka ɗauko, har yadda take tura baki."

"Ba wasa nake ba. Masu katako sun ce in muka samo takardar gandun daji su za su yi komai."

"In na mutu ka samo. Ai ba zan daɗe ba, mi kake gaggawa?"

Sai ya tashi, don ba ya son in ambaci mutuwa, ni kuma na san haka shi ya sa nake ambata. Gaskiya ce da shi, na sani sarai. Amma ban taɓa ganin ya ɗaga wa iccen ko lauje ba. Shi ne ma ya riƙa ɗora tsani yana hawa can sama yana sassaƙo mini ɓawon rassa, mu shanya mu tara a buhu, wanda ya zo in ɗebar masa in ce wannan ne ake bayarwa yanzu. Suna karɓa, amma da ganin fuskarsu ka san ba haka suka so ba. Kowa ya san na reshe ba shi da ɗacin na gindi. Ni ma da nake miƙawa na sani.

Bazarar nan da ta wuce, ranar da yaron ya kai kaya kasuwar Ɗan Issa, bayan azahar, wata mata ta yi sallama a bakin garka. Ba ta fi sa'ar jikokina manya ba. Ƙafafunta sun yi fari da tafiya, tana riƙe da ƙwarya da ƙaramin gatari naɗe a tsumma. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce daga wani ƙauye take can gaba da Gabi. Mijinta ya dawo daga cirani a Najeriya da ciwon ciki. Sun je likita, an ba shi magani ya sha ya ƙare, amma kullum ƙara ramewa yake, ko kunu ba ya zama. Tsofaffin ƙauyensu suka ce a nemo sassaƙen gindin maɗaci, aka kuma ce mata ba sauran inda za ta samu sai wurin wani tsoho a bakin tabki.

Na jawo buhun na ce ta ɗiba son ranta. Ta leƙa, sannan ta kwance bakin zanenta ta nuna mini irinsa. "Baba, wanga na reshe ne. Na saya a kasuwa, ya sha bai ji komi ba. Na gindi suka ce."

"Ɗiyata, na gindi gabas da yamma ake ɗiba," na ce mata. "Kin ga kuwa an cinye su. Abin da ya rage arewa ne, ban san ko yana magani ba."

Ba ta yi mini gardama ba. Ta tashi ta zagaya iccen a hankali tana shafa busasshiyar lakar, har ta dawo inda nake ta leƙa bayan kafaɗata. Ɗiyar manoma ce, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon zirin.

"Na gani, Baba," ta ce. "In aka taɓa nan ya mutu ke nan."

"Haka ne."

"To, Allah shi ba mu haƙuri. Ko zan samu ruwa in sha?"

Na nuna mata randa. Ta sha, ta wanke fuska, ta yi godiya. Ta naɗe gatarinta a tsumma, ta kife ƙwaryar a ka, ta yi mini sai an jima ta juya. Da ta yi kuka, ko ta roƙe ni, ko ta zage ni ma, ina jin da na iya daurewa, don na iya taurin kai, gado na yi. Amma ba ta yi ko ɗaya ba. Ina kallon bayanta tana bi tsakanin kunyoyi tana kaucewa kada ta taka shuka, ga doguwar hanya a gabanta, ga ƙwarya ba komai. Na ji tsoron Allah, na ji kunyar yarinyar, na kuma ji tausayin iccen kamar ɗan'uwana. Ta kusa kai bakin darni na kira ta.

Na dafa sanda na tashi na janye buzun. Na ce ta ba ni gatarin, don ban so ya zama hannunta ne ba. Na yi bisimilla na sara daidai ƙirjina. Ƙarfina ya tafi, abin da a da zan yi kafin a ƙifta ido sai da na huta a tsakani. Ɓawon ya ɓanɓaro da kauri, cikinsa ja, yana da damshi, ɗacinsa har a hanci. Faɗin tafin hannu na ɗebar mata yadda aka saba, faɗin zirin ke nan gaba ɗaya. Ta tara ƙwarya na zuba mata. Sai ta ajiye, ta je bakin rijiya ta kwaɓo laka, ta zo ta shafe wurin da kyau tana lallaɓawa da yatsu. Ni da ita duk mun san lakar ba za ta yi komai ba, ban kuma hana ta ba. Ta yi mini addu'a mai tsawo, ta yi wa iyayena, ta tafi. Ban tambayi sunanta ba. Har yau ban ji ko mijin ya tashi ba.

Da yaron ya dawo da yamma ya tarar buzuna ya koma gabas. Ya zagaya ya ga ɗanyar lakar, ya sa hannu ya taɓa, ya dube ni.

Iccen da aka yanke wa ɓawo zagaye ba ya mutuwa nan take. Yana nan da ganyensa, yana cin abin da ya tara, saiwar ce ke mutuwa da yunwa a ƙarƙashin ƙasa ba mai gani. Da shamuwa ta iso ma sai ya yi sabon toho, jajaye, ya fi na bara kyau. Masu wucewa suna tsayawa su sha iska su ɗaga kai su ce, "Tsoho, iccen nan naka sai ya ga jikokin jikokinka." In ce musu Allah ya sa. Me zan ce? Ba ni da ƙarfin dasa wani, ba wanda ke da filin da zai ba icce rabi, in ma an dasa, wa zai yi ta ɗaukar masa tulu har ya yi inuwa?

Ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita gona, sai ga yaron ya zo da ƙoƙo a hannu, cike da irin kabewa. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya tambayi ƙafafuna, ya tambayi barcina, ya yi ta jan gaisuwa yana tona ƙasar gindin iccen da ɗan yatsa, bai yarda mun haɗa ido ba. Can dai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, bana ko baɗi?"

Na ɗaga kai na dubi rassan. Ko tsinken rana ba ya ratsowa.

"Baɗi," na ce. "Bana ba za ta yi ɗa ba, da sauran inuwa."

Ya juye irin a aljihu. Na zaci zai koma bakin aikinsa, ga ƙasa da laima, ga rana na tafiya. Sai ya cire takalmansa, ya zauna a gefen buzuna ya jingina da iccen, muna nan har aka kira la'asar.